Kande, Wadda Ta Ce Landan Kusa Ce

Kande mai kifin banda ce, daga wata tungar masunta da ke kudu da Yelwa, ta wajen ƙasar Ngaski. Na san ta tun kafin ruwan dam ya hau, lokacin da Kwara take kogi mai tsibirai da duwatsu, ba wannan shimfiɗaɗɗen tafki da yaran yanzu suka buɗe ido suka gani ba. Duk ranar kasuwa takan shigo Yelwa da kwandunanta a jirgin safe, ta sauke a zauren gidana, ta shiga ciki ta sha ruwa wajen matata Rahila, sannan ta wuce rumfarta. Gajeriya ce, ƙaƙƙarfa, idanunta kullum jajaye saboda hayaƙi. Ta daɗe tana tsugune gaban murhun banda, har zanenta na Salla ma warin hayaƙi yake yi. Ban taɓa ganin ta zauna ba sai ta dafa gwiwa ta yi nishi tukuna.

Mijinta Ɗangana shi ne babba a tarun gidansu. Taru dai babbar koma ce, wadda ake kewaya ruwa da ita a kwalekwale, sannan maza su jeru a gaɓa su yi ta jan igiya har ta fito. Kande ta haihu sau da yawa, ɗaya ne ya rayu, Yusha'u, shi ne kuma na fari. Saboda haka ba ta kama sunansa. In za ta yi maganarsa sai ta ce “wancan”, in kuma da ni take magana ta ce “ɗan naku”, domin a gidana ya zauna sa'ad da aka sa shi makaranta. Ni na koya masa lissafi da labarin ƙasa, yadda Turawan mishan suka koya mini, taswira a bango, sanda a hannu. Yaro ne marar surutu, mai son inji. Tun yana firamare masu jiragen kwata suke aikowa a kira shi in injinsu ya ƙi tashi. Ya yi sakandare, ya yi kwalejin fasaha, a 1978 kuma gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa shi cikin waɗanda za ta aika Ingila, ya koyo aikin injin manyan jiragen ruwa. Sharaɗin a bayyane yake: tikiti ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa in an gama. Wanda ya karɓi na dawowa kafin lokaci, ya ajiye karatun ke nan.

Sai na faɗi wata al'ada ta tungarsu, don ba a gane Kande sai da ita. Ban ce haka masunta duka suke yi ba, a can dai na gani. Kowane namiji na gidan yana da wurinsa a igiyar taru tun daga ranar da ya iya riƙe ta, ko yana gari ko ba ya nan. Masunta kuwa mutanen yawo ne, wani yana Tiga, wani Binuwai, wani Tafkin Chadi. Saboda haka suka kasa waɗanda ba sa gida kashi biyu, na kusa da matafiyi. Na kusa, in aka yi mutuwa a gida, dole ya zo. In bai samu jana'iza ba ya samu sadakar uku ko ta bakwai. In arba'in ta wuce ba a ga ƙafarsa ba, sai a kwance shi daga igiya: ba shi da rabo, ba a sa shi a shawara, in ya zo daga baya baƙo ne, a ba shi tabarma da ruwa kamar kowa. Matafiyi kuwa ba a ɗora masa zuwa. In ya zo ya kyauta. In bai zo ba, ana ci gaba da ambaton sunansa a addu'ar da ake yi ran Juma'a kafin a jefa taru, ana kai wa uwarsa ko matarsa rabonsa, har Allah ya dawo da shi. Da wannan addu'ar ake sanin wane ne wane. Wanda ake kiran sunansa a ciki matafiyi ne, wanda ba a kira na kusa ne.

Ana saura 'yan kwanaki Yusha'u ya tashi, Kande ta iso gidana da buhu guda na bandar tarwaɗa, da ƙullin yaji, da dakakken gero, irin guzurin da ake yi wa mai zuwa Chadi. Ta ajiye a zaure ta zauna tana haki. Yusha'u ya dubi buhun, ya dube ni.

“Inna, wannan duka na mene ne?”

“Na hanya,” in ji ta, tana kallon bango.

“Ba za su bar ni in hau da shi ba. Kuma hanyar ba ta kai haka ba. Daga Kano zuwa Landan awa shida ne.”

“Kwana shida dai.”

“Awa, Inna. In jirgi ya tashi da hantsi, da la'asar mun sauka.”

Ta juyo gare ni. “Malam, ɗan naku ya fara ƙarya tun bai tahi ba.”

Na ce ba ƙarya ba ne. Na ce mil dubu biyu da ɗari takwas ne, saura kaɗan, jirgin kuma yana cin kusan mil ɗari biyar a awa guda, in aka raba sai a samu abin da ya faɗa. Maganar mil ba ta shige ta ba. Masunta ba sa auna hanya da tsawonta, da abin da ta ci na rana suke aunawa. Tafiya mafi nisa da Kande ta taɓa yi ita ce ta Sakkwato, shekarar da idanunta suka matsa mata. Motarsu ta tashi bayan asuba, taya ta fashe wajen Jega, ba su shiga gari ba sai gab da la'asar, ta dawo ta yi mako tana jinyar baya. Na ga tana lissafi da yatsu a kan gwiwarta.

“To ashe Sakkwato ta fi shi nisa,” in ji ta.

Yusha'u bai gyara mata ba. Tun da aka ce zai tafi ba ta ci abincin kirki ba, amma ran nan ta cinye tuwon Rahila har ta nemi ƙari. Buhun bandar kuwa mu muka ci shi, da maƙwabta.

Ɗangana yana da ƙane, Wakili, dogo mai babbar murya. Da yake ƙanin miji ne, abokin wasan Kande ne, in suka haɗu a kwatar Yelwa har masu dako sukan tsaya su saurara. Kasuwar farko bayan tafiyar Yusha'u ina tsaye a wurin.

“Uwargida, an ce ɗanki ya hau sama,” in ji Wakili. “Mu sa shi cikin matafiya ran Juma'a ke nan.”

“Wane matafiyi? Kai da kake zuwa Wara ka kwana biyu don tsayawa zance, kai ne matafiyi.”

“Ƙasar Turawa fa anka ce.”

“Awa shida. Ga Malam nan, tambaye shi. Kafin ka gama ɗinke ramin komar nan taka da kake fama da shi tun bara, ya je ya dawo.”

“To in kusa ce, ki aike shi ya sayo mana goro.”

“Goronka na wajen matarka, je ka roƙa. 'Yan ƙauye, ba ku san duniya ta matso ba.”

Ba ta iya yabon ɗanta a bainar jama'a, sai ta riƙa yabon jirgi. Amma akwai abin da ke ƙarƙashin wasan. Cikin sunayen da ake kira ran Juma'a akwai na mutanen da suka tafi tun kafin dam, ba a sake jin labarinsu ba, har da wani yayanta. Ta gaya wa Rahila cewa ba za a haɗa mata yaro da waɗanda ba su dawowa ba. Ta matsa wa Ɗangana, shi kuma mutum ne mai sanyi, ba ya son doguwar magana a gida. Shi ke jan addu'ar, sai ya riƙa tsallake sunan Yusha'u. Babu wanda ya ɗauki abin da nauyi a lokacin.

Shekara biyu ta yi a haka, kuma ban taɓa ganin jikinta da sauƙi kamar a shekarun nan ba. Kowace Salla takan dafa da yawa, ta share ɗakinsa. In bai zo ba ta ce karatu ne ya riƙe shi, ai ga shi nan kurkusa. In jirgin sama ya ratsa can ƙololuwa ya bar farin zare a kan tafki, takan ɗaga kai daga murhu ta ce wa matan da ke kusa, waɗannan kafin a sauke tukunya sun isa. Wasiƙunsa suna zuwa ta hannuna, nakan karanta mata a zaure, labarin sanyi ne da injuna da gaisuwa. Takan ce in rubuta masa ya daina ɓata takarda, in ya samu hutu ya leƙo kawai.

Da daminar 1980 Ɗangana ya kwanta da ciwon ciki. Bai yi mako ba ya cika, da safe, aka binne shi kafin azahar. Wakili ya aiko mini, na je gidan waya na buga wa Yusha'u telegiram. An kuma aika wa ɗan Wakili, Maikuɗi, wanda ke kamun kifi a Chadi. Maikuɗi matafiyi ne, ba wanda ya sa ran ganinsa, amma ya hau bayan motar kifi, ya sauka ya hau wata, ya iso kafin sadakar bakwai ƙafafunsa a kumbure kamar turmi. Amsar Yusha'u ta zo a waya, kalmomi kaɗan, daga baya doguwar wasiƙa ta biyo. Ya roƙi a bar shi ya zo ya koma, aka nuna masa sharaɗi. In ya hau jirgi yanzu, shekara biyun da ya yi sun tafi a banza, ba komawa. Ya ce ya kwana yana tunanin abin da Baba zai ce, ya ga Baba zai ce ya zauna.

Na aika Rahila ta gaya wa Kande, tana cikin takaba. Rahila ta ce ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Ku sake buga mai. Bai gane ba ne. Ku ce ubanai ne.”

Bakwai ta wuce, arba'in ta wuce. Wakili, wanda yanzu shi ne babba a taru, ya tara maza, aka kwance Yusha'u daga igiya. Ba a yi hayaniya ba. Kawai dai ranar da aka ja taru na gaba, kwaryar rabon da aka saba kai wa Kande da sunan ɗanta ba ta zo ba. An kawo mata nata na matar mamaci, kamar yadda ya kamata. Kifi bai dame ta ba, tana da sana'arta. Abin da ya hana ta barci shi ne ranar da yaron zai dawo ya shiga gidan ubansa a shimfiɗa masa tabarmar baƙi.

Da ta fita takaba ta zo Yelwa ba kwando ko ɗaya. Ta rame, zanen ya yi mata yawa. Bayan gaisuwa da ta'aziyya ta ce, “Malam, ran nan ka yi maganar mil. Maida min shi yadda zan ji.”

Na ɗauko littafin taswirata na buɗe, na nuna mata Kano, na nuna Landan. Ta aza hannunta a kai, tafin ya rufe su duka biyun. Ta ture littafin. “Wanga ai shi ma cewa yake kusa ce.”

Sai na karɓi tsintsiya wajen Rahila, na zare tsinke na kakkarya daidai da juna. Na ce kowane ɗaya Yelwa ce zuwa Sakkwato, tafiyar nan da ta karya mata baya. Na fara jerawa a ƙasa daga bakin ƙofar zaure, kai da kai. Na farko, na ce, har yanzu ana jin Hausa, ana ganin gero. Daga na biyu zuwa na takwas rairayi ne, ba kogi, ba inuwa. Na tara duwatsu ne da garuruwan Larabawa. Na goma da na sha ɗaya teku ne, ruwan gishiri, wanda in kana tsakiyarsa ba ka ganin gaɓa ta kowane gefe. Sauran ƙasar Faransa ce, sai wani ruwan kuma, sai Landan. Tsinke goma sha biyar, layin ya kai har gindin tulun da ke kusurwa.

Ta sauka daga tabarma ta rarrafa, tana bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, tana ce wa kowanne “Sakkwato”. A cikin rairayin ta tsaya.

“In jirgin bai ɗauke shi ba fa?”

“Sai ya zauna inda yake.”

“Mota ba ta zuwa?”

“Ba irin wadda za ki tsayar a bakin hanya ba.”

“Kwalekwale?”

Na girgiza kai.

Ta daɗe a durƙushe. Rahila ta kawo ruwa, ba ta sha ba. Can ta ce, a hankali, kamar da ƙasa take magana, “Ni ina ta share ɗaki.” Sannan ta tattara tsinkayen ta ƙulle a bakin zane, ta ce ran Juma'a in zo tunga, ba don in yi magana ba, don dai a ga ba ita kaɗai ta ƙirƙiro ba.

Na je a jirgin kasuwa. Da hantsi maza suka taru a gaɓa inda aka shanya taru, su goma sha wani abu, tsofaffi a zaune a bakin kwalekwale, matasa a tsaye. Mata ba sa zuwa wurin. Da suka ga Kande tana saukowa daga cikin bukkoki, sai magana ta tsaya.

“Kande,” in ji Wakili. Ran nan na fara jin ya kira ta da sunanta. “Maganar nan an gama ta.”

Ta dafa gwiwa ta durƙusa a kan yashi, ta kwance ƙullin, ta jera tsinkayenta. Da bakinta ta yi bayani, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba: nan rairayi, nan Larabawa, nan ruwan gishiri. Wani tsoho ya miƙo wuya ya ce, wane mahaukaci ne ya kai yaro can. Matasa suka yi dariya kaɗan suka daina.

Wakili ya ce, “Ba mu ce kusa ce da ƙafa ba. Ke kinka ce awa shida. Ke kinka hana a sa shi cikin addu'a, shekara biyu ba a kira sunanai ba. Ga Maikuɗi nan tsaye. Matafiyi ne, ba wanda ya ɗora mai, ya taso daga Chadi saboda baffanai, har yau ƙafar ba ta gama saɓewa ba. Shi ko naki, ubanai ne anka binne.”

“Allah ya yi wa Maikuɗi albarka,” in ji ta. “Amma ka faɗa da bakinka, a mota ya zo. Da anka yi mota ba ku cire na Chadi daga matafiya ba. Wanda ya samu ya zo, wanda bai samu ba kuna yi mai addu'a. Motar Chadi kuwa kowa na iya ɗaga mata hannu. Wancan jirgi ba a ɗaga mai hannu. Sau ɗaya anka ce ya hau ya dawo, in ya hau shi ke nan.”

Wakili ya murza igiya a hannunsa. Sannan ya ce, “Shekara biyu kina yi mana dariya a kwata.”

“Na yi.”

“Kin ce mu 'yan ƙauye ne.”

“Na ce. Ban san abin da nike faɗi ba. Tsoro nike ji, sai na maida shi baki.” Ta ɗago kai ta dubi tsofaffin. “Laifin a kaina ne, ba a kan yaro ba. Yusha'u na nesa. Ya fi duk wanda kuke kira ran Juma'a nisa.”

Tsofaffin suka sunkuyar da kai. Babu wanda ya taɓa jin sunan a bakinta, har ni da ya girma a gidana.

Wakili ya zauna a bakin kwalekwale, ya cire hula ya goge fuska da ita. Da ya yi magana muryar ta ragu. “Yaya ya tambayi yaron sau biyu kafin ya cika. Na ce mai shina hanya, yanzu zai shigo. Da maganarki na faɗa mai haka, Kande. Na yarda da ita nima.”

Ta ce, “Ka yafe min.”

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya miƙe ya ce rana na yi, a yi addu'a. Kande ta ja da baya ta tsaya daga nesa. Ya ɗaga hannu ya bi sunayen matafiya yadda aka saba, na Binuwai, na Chadi, da waɗanda suka ɓace tun da daɗewa, har da yayanta. A ƙarshe ya ce, da Yusha'u ɗan Ɗangana. Aka shafa, aka tura kwalekwale. Da yamma kwaryar rabo ta iso ƙofarta.

Ta samu abin da ta je nema, amma daga ran nan wata Kande ce ta riƙa zuwa kasuwa. Wasa da Wakili bai dawo ba, sai gaisuwa. Ta daina dafa ƙari da Salla. Ɗakin Yusha'u ta zuba itacen banda a ciki don kada damina ta jiƙa. In na karanta mata wasiƙa takan saurara har ƙarshe ta ce, to, a gaishe shi, ba ta ƙara cewa ya leƙo ba. In mata suka tambaye ta ina ɗanta, sai ta ce yana inda ba a zuwa. Kwandunan suka ragu daga huɗu zuwa biyu. Tari ya kama ta, irin na masu banda, wanda ba ya tafiya. Wani lokaci takan zauna a zaure bayan an tashi kasuwa har mai jirgi ya aiko a kira ta, ta ce bari dai ƙafafun su yarda.

A ƙarshen 1982 ta kwanta. Ni da Rahila muka je duba ta. Tana kan tabarma a ɗakinta, an tokare mata baya da buhun gero don ta samu numfashi, Wakili yana zaune a bakin ƙofa. A lokacin al'amarin Yusha'u ya canza. Ya gama jarrabawa, yana aikin gwaji a wata ma'aikatar jiragen ruwa, ana ba shi ɗan albashi, kuma ya rubuto cewa in wani abu ya taso a buga masa, yanzu yana iya zuwa da kansa ya koma. Na gaya mata haka. Na ce in na koma Yelwa yau na buga, kafin Juma'a yana iya kasancewa a nan.

“A buga,” in ji Wakili.

“Kar a buga,” in ji Kande.

Rahila ta ce, “Haba Kande. Ba kya son ki gan shi?”

Ta yi tari mai tsawo kafin ta samu magana. “In ya zo kafin Juma'a, me za su ce? Su ce ashe ana zuwa. Ya zo wa uwa, bai zo wa uba ba.”

“Ba wanda zai ce,” in ji Wakili. “Ina raye.”

“Kai ba za ka ce ba. In ka mutu fa? Yaran da sunka tsaya a gaɓa ran nan sun ji ni, su za su riƙe taru. Na durƙusa a gabansu na ce ba a zuwa.” Ta rufe ido. “Matafiyi ne. Ku bar shi ya gama abin da ya kai shi, ya dawo sau ɗaya.”

Na yi mata bayani cewa wancan lokacin daban, wannan daban, kuma kowa zai gane. Ta ce ita ta gaji da bayani. Ta sa Wakili ya yi mata alkawari, ya yi ta kaucewa, ta ƙi sakinsa da ido har ya ce ya yi. Da muka fito ya raka mu bakin ruwa. Ya ce mini shi ne mai gida yanzu, kuma ya ba da baki, a bi maganarta.

Ta cika bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, matan tunga suna kewaye da ita. Sai da aka binne ta Wakili ya aiko in buga waya, ya ce in ƙara da cewa ba a ɗora masa zuwa ba.

Yusha'u ya dawo da bazarar 1983, da tikitin gwamnati. A gidana ya fara sauka. Ya yi ƙiba kaɗan, Hausarsa tana ɗan tsayawa kafin ta fito. Bayan ya ci abinci ya tambaye ni dalilin da ya sa ba a kira shi ba, alhali ya rubuto. Na gaya masa duka, tun daga gaɓa har ɗakinta. Ya tashi ya tsaya a ƙofar zaure yana kallon hanya, har Rahila ta ce masa ya shigo rana ta yi zafi.

Washegari na raka shi tunga. Ba a shimfiɗa masa tabarma ba. Wakili ya kama hannunsa ya kai shi kaburburan biyu, sannan ya sauko da shi gaɓa, ya nuna masa wurinsa a igiya, tsakanin Maikuɗi da wani ɗan baffansu. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga layi. Hannunsa ya manta aikin, kafin taru ya fito tafinsa duka biyu sun sale. Maikuɗi ya ce masa Bature ya ji jiki, ya yaga ƙyalle ya ɗaure masa. Ya yi mako guda a tunga, sannan ya wuce Fatakwal inda aka ba shi aiki. Har yanzu a can yake, ya yi aure, yana da 'ya'ya uku. In aka yi rasuwa a tunga yakan zo, ko da arba'in ce ya samu, ya kwana a gidana ya wuce da jirgin safe.